Ƙofa, Fatoma da Dillali: Yadda Kano Ta Saba Karɓar Mai Zuwa Daga Nesa

Duk wanda ya taɓa kafa sabon rumbun bayanai a kwamfuta ya san wata matsala da ke jiransa a ranar farko. An gama girka manhaja a babbar kwamfutar da masu sana'ar ke kira saba, an zuba sunayen kaya ko na ɗalibai ko na marasa lafiya, kuma muddin a gabanta ake zaune komai yana tafiya daidai. Da zarar akawun da ke wani reshe a Fagge ko Zariya ko Maraɗi ya nemi shiga daga tasa kwamfutar, sai ya tarar da hanya a toshe. Abin da ke fara fitowa daga bakin mutane shi ne babu netwok, ko kuma saba ta lalace. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau, da gangan aka ƙera ta da ƙofa a rufe har sai mai ita ya faɗi wanda za a buɗe wa. Wannan tambaya, ta yadda za a tsare dukiya a wuri ɗaya kuma a bar na nesa ya amfana da ita, ta daɗe a birnin Kano tun kafin a san lantarki. Abin da tarihin birnin ke nunawa shi ne Kano ta bunƙasa domin ta raba shigar baƙo hawa-hawa, ta ɗora wa kowane hawa mutumin da za a tambaya idan abu ya ɓaci. Wanda ya fahimci wannan tsari ya riga ya sami rabin ilimin gyaran matsalar saba.

A fara da ganuwa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya soma ginin ganuwa, ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki, ya kammala. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a farkon ƙarni na 17. Abin lura shi ne ganuwar ta kewaye fiye da gidaje. Dala da Gwauron Dutse suna cikinta, haka kududdufai da filayen noma masu faɗi, ta yadda idan yaƙi ya zo mutanen karkara za su shigo da hatsinsu da dabbobinsu su zauna a ci a sha. Ke nan birnin kansa rumbu ne, kuma rumbu ba a gina shi da baki a ƙasa. Hugh Clapperton, Baturen da ya iso Kano a Janairun 1824 zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ƙirga ƙofofi 15, ya ce na katako ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana a rufe da faɗuwarta. Kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa, wanda gidansa ke nan kusa, ya san mutanen da suka saba bi ta wurinsa, ya san baƙuwar fuska. Ayarin da ya makara a hanya sai ya kwana a waje, ko da kuwa madugunsa ɗan birni ne. Dokar ba ta nufin ana zarginsa da wani abu, lokacin buɗewa ne kawai bai yi ba.

Sai dai ganuwa ita kaɗai ba ta kawo kasuwa, domin garuruwa da yawa a ƙasar Hausa sun yi ganuwa ba su zama Kano ba. Littafin tarihin nan ya kula da hanyoyi kamar yadda ya kula da gini. Ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali zamanin Sarki Yaji (1349–1385), ya ce Abdullahi Burja ne ya buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Yakubu (1452–1463) gishiri ya wadata, Fulani suka zo da littattafai. Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a tsakiyar gari, ya karɓi Shehu Al-Maghili, wanda ya rubuta masa nasiha kan tafiyar da mulki. Shaidar da ta fi kowace ƙarfi tana cikin sunayen unguwanni, waɗanda har yau ake kira ba tare da an tsaya tunanin ma'anarsu ba. Zangon Barebari masaukin mutanen Borno ne, Tudun Nufawa na Nufawa, Ayagi na Yarabawa, Dandalin Turawa na Larabawan arewacin Sahara tun lokacin da kalmar Bature ke nufin Balarabe, Alfindiki kuwa daga kalmar Larabci ce mai nufin gidan saukar fatake. Fagge, a wajen ganuwa, asalinsa zango ne na ayarin raƙuma. Baƙo bai shiga Kano ya watsu a gari ba. Akwai unguwar da aka san ta ce tasa, akwai gidan da zai sauka, akwai wanda zai amsa sunansa.

Wannan mutumin shi ne fatoma, mai masaukin fatake. Shi ke ba farke ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi, ya kuma faɗa masa wanda za a amince wa a kasuwa da wanda za a kiyaya. Farken da ya zo daga Gadamas ko Salaga bai san kowa ba, kuma ba wanda ya san shi, saboda haka mutuncin fatoma ne yake ara ya yi ciniki da shi. A ƙarƙashin fatoma akwai dillali, kuma a kansa Clapperton ya ba da wani labari da ya isa a tsaya a kai. Ya ce a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi da aka sayar a kasuwar Kano ana rubuta sunan dillalin da ya yi cinikin. Idan aka kai ƙunshin Borno ko wata ƙasa mai nisa, aka kwance aka ga kayan ba su kai yadda aka faɗa ba, sai a mayar da su Kano, dillali ya nemo mai kayan, a tilasta masa ya mayar da kuɗi. A duba abin da wannan al'ada ta warware. Matsala ta bayyana a wurin da ke da tafiyar makonni daga inda aka haife ta, amma saboda an bar rubutacciyar alama, ana iya binta baya daki-daki har a kai ga mutumin da ya yi kuskure. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da kuɗin wuri miliyan 300. Ciniki mai wannan girma da mutanen da ba a ganin fuskarsu ba zai yiwu ba sai da irin wannan tsari na bin sawu.

Labarin waɗannan baƙi biyu da kansu yana nuna cewa matafiyi kan maƙale a wurare daban-daban, kuma kowanne maganinsa daban. Clapperton ya shigo a 1824 riƙe da wasiƙar Shehun Borno Al-Kanemi, ya sauka ta hannun wakilin Shehun a Kano, aka ba shi masauki, daga baya ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da ya dawo a 1826, Borno da Sakkwato suna cikin yaƙi. Hanya tana nan, ƙofofi sun buɗe masa, amma aka hana shi wucewa Borno, aka karɓe wasiƙa da kyautar da yake ɗauke da su zuwa ga Shehu, ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1827. Abin da ya canja shi ne izini. Barth kuwa, da ya dawo Kano daga Tambutu a ƙarshen 1854, ba wanda ya hana shi shiga gari, sai dai bai tarar da kuɗi ko saƙon da yake sa rai ba, domin labari ya bazu cewa ya mutu, dole ya ci bashi mai tsada a hannun attajiran Gadamas. Shi nasa tsaikon a hanya ya faru, saƙo ne bai iso ba. Farken da ya iso bayan magariba ƙofa ce ta tsare shi, wanda ya shigo bai tarar da fatomansa a gida ba kuwa masauki ne ya rasa. Hanya, ƙofa, masauki, izini: Bakano mai hankali ba ya haɗa su ya ce wai baƙo bai samu shiga ba, sai ya tambaya a ina aka tsaya.

Wannan tambayar ce ainihin aikin mai gyaran saba, kuma bin ta a jere shi ne bambancin gwani da mai lalube. Da farko hanya: shin kwamfutar reshe tana iya kaiwa ga adireshin sabar kuwa? A ƙasar da wuta ke ɗaukewa, kuma kamfanonin waya kan haɗa masu amfani da yawa a ƙarƙashin adireshi ɗaya na waje, sau da yawa saƙon ba ya ma isowa bakin ganuwa. Na biyu ƙofa. Kowace manhajar rumbu tana da ƙofarta mai lamba, MySQL tana amfani da 3306, PostgreSQL da 5432, ta Microsoft da 1433, kuma katangar tsaron da ke gaban sabar tana iya rufe wannan lamba ga duk wanda ya zo daga waje. Na uku masauki. Sabuwar PostgreSQL, haka ma MySQL a yawancin yadda ake girka ta a Ubuntu, ba ta sauraron kowa sai adireshin 127.0.0.1, wato kwamfutar da take zaune a kanta, kamar fatoman da ya shige cikin gida bai fito zaure ba. Sai an gyara saitinta kafin ta ji sallamar na waje. Na huɗu izini. A MySQL sunan mai shiga yana haɗe da wurin da zai fito, don haka mutumin da aka yarda da shi idan yana gaban sabar baƙo ne idan ya zo daga wani adireshi, ko da kalmar sirrinsa daidai ce. PostgreSQL tana da fayil na musamman da ke jera wane ne zai shiga wane rumbu, daga ina, da wace shaida. Kowane tsaiko kuma yana da irin amsarsa. Shiru har lokaci ya ƙare yakan nuna hanya ko katanga. Ƙin amsa nan take yana nuna an kai ga kwamfutar amma babu mai sauraro a wannan ƙofa. Idan kuwa aka amsa aka ce ba ka da izini, to albishir ne, hawa uku sun wuce lafiya. Rajistar da sabar ke rubutawa ta duk wanda ya ƙwanƙwasa ita ce sunan dillali a cikin ƙunshi, kuma wanda bai buɗe ta ba ya karanta yana neman ɓarawo ne ba tare da duba sawu ba.

Jarrabawar da ke samun mai gyara idan maigida na tsaye a kansa ita ce ya buɗe komai lokaci ɗaya: ya kashe katangar tsaro, ya bar sabar ta saurari duniya, ya ba suna ɗaya izinin komai daga ko'ina. Nan take reshe zai shiga, kowa ya yi murna. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Janairun 2003 wata muguwar manhaja mai suna Slammer ta bi ta ƙofar rumbunan Microsoft da aka bari a buɗe ba a yi musu gyaran da kamfanin ya riga ya fitar ba, ta kama kimanin saba 75,000, mafi yawansu cikin minti goma. A farkon 2017 ɓarayi suka shafe dubban rumbunan MongoDB da aka bari a intanet babu kalmar sirri, suka bar takardar neman kuɗin fansa, abin da ya sa masu manhajar suka mayar da rufewa ta zama halinta na asali. Sun komo kan hukuncin da Kano ta daɗe da yankewa, cewa a fara da rufewa, a buɗe wa wanda aka sani, ta ƙofar da aka sani, a hannun wanda zai ɗauki alhaki.

Wani zai ce ai ganuwar nan ba ta tsinana komai ba ranar da aka fi buƙatarta. A ranar 3 ga Fabrairun 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta ci Kano cikin yini ɗaya, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Gaskiya ne, amma yadda abin ya faru yana goyon bayan wannan magana. Lugard da kansa ya rubuta mamakinsa kan ganuwar, mai kewayen kusan mil 11 da ƙofofi 13, kuma igwar Turawa ba ta iya rushe jikinta ba. Sun gwada wata ƙofa suka kasa, suka koma Ƙofar Kabuga suka fasa ta. An yi ƙyauren ne don mashi da kibiya da bindigar gargajiya, ba a sabunta shi don igwa ba, kuma manyan mayaƙan gari sun bi sarki. Darasin shi ne ƙarfin tsaro yana tsayawa a ƙofar da ta fi rauni, kuma ƙofar da ta ishe ka jiya tana iya kasa maka yau idan abokin gaba ya sauya makami. Wannan hujja ce ta kula da ƙofa kullum, ba ta isa hujjar cire ƙyaure ba.

Wani kuma zai kawo ƙorafi mai nauyi fiye da wannan, cewa ƙofa kayan aikin masu iko ce. Ta waɗannan ƙofofi aka shigo da bayi zuwa kasuwa, abin da Clapperton da Barth duka suka gani da idonsu. Fatake sun biya kuɗin fito da gaisuwa a gari bayan gari. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, Turawa suka ware Sabon Gari don mutanen kudu, ganuwa ta zama iyakar da ke raba mazauna gari ɗaya, kuma Kano ta biya farashin wannan rabuwa da jini fiye da sau ɗaya. Babu amfanin musun wannan, kuma yana da ɗan'uwa a zamaninmu: tsohuwar da ta yini a layin banki ko na rajistar katin ɗan ƙasa aka ce mata ta dawo gobe babu netwok, ba a faɗa mata abin da ya tsaya ko wanda za ta tambaya ba. Amma a lura da inda zaluncin yake. Tsarin Kano ya yi kyau a inda baƙo ya san dokar, ya san lokacin buɗewa, ya san fatomansa, ya san inda zai kai ƙara. Ya munana a inda aka rufe ƙofa saboda asalin mutum, ko aka rufe ba tare da bayani ba. Kalmar babu netwok, idan ta zama amsar kowace tambaya, ƙofa ce da ba ta da sarkin ƙofa. Gyaranta shi ne a san a wane hawa aka tsaya a kuma faɗa wa mai jira, wanda shi ne abin da ake kira a yi tun farko.

Ƙorafi na uku shi ne cewa duk wannan amana ce ta ido da ido, wadda ba za ta yi aiki ba a duniyar da miliyoyi ke shiga rumbu ɗaya. Shaidar tarihi ba ta yarda da haka ba, domin tun asali amanar Kano da rubutu take tafiya. Sunan dillali rubutu ne, wasiƙar Shehun Borno rubutu ce, Larabawan Gadamas da wasiƙu suke tafiyar da cinikinsu a tsallaken hamada, kuma da aka kafa Baitulmali zamanin Sarki Abbas (1903–1919) malaman da suka saba da alƙalami ne suka riƙe littattafansa. Tsarin ya kuma nuna yana iya faɗaɗa. Da cinikin gyaɗa ya tashi bayan 1912, kasuwa ta koma bakin tashar jirgi a wajen ganuwa, amma kamfanonin Turawa ba su iya kaiwa ga manomi ba sai ta hannun attajirai irin su Alhassan Ɗantata (1877–1955), wanda ya fito daga Agalawa masu fataucin goro, ya kuma gina harkarsa kan wakilai da yara da aka sani aka amince da su. A Sabo ta Ibadan, mai bincike Abner Cohen ya tarar a shekarun 1960 cewa cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu har lokacin a hannun masu masauki yake. Ƙasar ganuwa ta zaizaye, aikin fatoma ya bi jirgin ƙasa da mota ya rayu. Abin da kwamfuta ta yi shi ne ta mayar da fuska suna da kalmar sirri, ta mayar da unguwa adireshi, amma tambayar wane ne kai, daga ina, wa ya tsaya maka, tana nan yadda take.

Yau an faɗaɗa yawancin ƙofofin Kano don motoci, an cire ƙyaurensu, an sake gina wasu da siminti, kuma a wurare da dama gine-gine sun cinye ganuwar. Dukiyar da ake tsarewa ta sauya kama: lissafin ɗan kasuwar Kurmi, sakamakon ɗalibi, takardar fili, bayanin mara lafiya, duk suna komawa cikin rumbunan da ba a ganinsu, waɗanda samarin garin nan ke kafawa suna kula da su. Su ne sarakunan ƙofa na wannan zamani, ko da ba a naɗa musu rawani ba, kuma amanar da ke wuyansu ba ta gaza ta magabatansu ba. Ranar da sabuwar saba ta ƙi amsa wa reshe, abin da ya kamace su shi ne su bi baƙon nasu tun daga hanya, su duba ƙofa, su leƙa zaure, su karanta takardar izini, su buɗe masa shi kaɗai, sannan su rubuta abin da suka buɗe da dalilinsa a inda wanda zai gaje su zai gani, kamar yadda dillalin Kurmi ke sa sunansa a cikin ƙunshi kafin kaya su bar gari.